Kunamar Bindiga da Hannun Maƙeri: Tarihi Daga Osu Zuwa Nima



Duk wanda ya kira ɗan ƙarfen da ake ja a harba bindiga da sunan kunama ya san abin da yake faɗa: abu ne ƙarami, amma harbinsa ba ya dawowa.

Bindigar da kakanninmu suka fi sani a wannan gaɓar teku ita ce mai ƙanƙara, wadda a Arewa ake yi wa laƙabi da harbi-ka-ruga. Turawan Danmak da suka zauna a gidan Christiansborg na Osu har 1850 suna cikin masu shigo da ita, har Turawan Ingila suka laƙaba mata sunansu. Aikinta ba ɓoyayye ba ne: a ja kunama, ƙanƙara ta kyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. In damina ta jiƙa albarushin, sai ta yi shiru. In ƙarfen ya sassauta, takan tashi ba a ce mata ta tashi ba. Saboda haka maharbi ba ya taɓa cikinta da kansa. Wurin maƙeri yake kai ta, kuma maƙerin yana da sunan gidansu da zai kare.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tsananta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu mai ƙanƙara. Amma ga abin mamaki: a hannun Hausawa ne Turawa suka damƙa ta zamanin. Rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a Ikko a 1863 ta zo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma irin waɗannan dakaru ne suka zama ƙashin bayan rundunar Gold Coast ta 1879. Da yawansu da suka ajiye kaki, a zangogi suka zauna. Su kuwa sun saba da doka guda: bindiga tana da ma'aji, tana da mai gyara, soja ba ya kwance ta don son ransa.

Bayan 'yancin kai, dokar makamai ta 1962 ta haramta ƙera bindiga a Gana, gyara kuma sai da izini. Dokar ba ta kashe sana'ar ba, ta dai kore ta zuwa bayan gida. Sunan Alabanyo a yankin Bolta ya shahara a wannan fage, kuma ƙaramar bindigar hannu ƙirar gida ta bi hanya har cikin birane. A 2007 gwamnati ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai.

A nan ne, a ganinmu, asarar take. Da, tsakanin mai bindiga da kunamarsa akwai maƙeri, akwai sarki, akwai kunya. Yau yaro zai kalli bidiyo a waya, ya ɗauki zarto a ɗakin haya, ya ce zai sauƙaƙa jan kunama. Kunamar da aka goge bisa jahilci ba ta jiran yatsa. Faɗuwa ƙasa kaɗai kan tashe ta, kuma a gidajenmu na Nima da Maamobi bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da inda yaran maƙwabci ke barci. Waɗanda suka ga arangamar matasa ta Janairun 2022 a kan titunanmu sun ji ƙarar da muke nufi.