Kayan Saƙar Koma Na Gargajiya

Kafin a fara shigo da komar da injina ke saƙawa, masuntan kogin Neja da Binuwai da tafkin Chadi su ne ke saƙa tasu da hannu, kuma kayan aikin ba su taka kara sun karya ba.

Na farko shi ne allurar saƙa, wadda ba ta yi kama da ta ɗinki ba. Itace ne ko gora ake feƙewa ya yi fale-fale, a tsinina bakinsa, a bar ɗan harshe a tsakiya inda ake naɗe zare. Tana ɗauke da zarenta kamar ƙoshiyar masaƙa, ta shige cikin idon koma a ɗaure ƙulli. Sai 'yar wuƙa ta datse zare. Zaren kuwa da auduga ko rama ake murza shi, har akwai wani irin wake da aka riƙa nomawa a Arewa musamman saboda zarensa. Masaƙi kan maƙale bakin aikin a turke ko a babban ɗan yatsan ƙafarsa domin ya miƙe.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne ma'aunin ido: ɗan guntun katako da ake zagaya zare a kansa kafin kowane ƙulli. Faɗinsa ne ke tsayar da girman idon koma, girman idon ne kuma ke raba kifin da zai kamu da wanda zai kuɓuta ya girma ya hayayyafa. Masunta kan kwatanta wannan girma da yatsu. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da koma mai ido ƙasa da milimita 76, in ban da wasu nau'o'in da aka ware domin kama ƙananan kifaye. Wanda ya yi su da gidan sauro ya keta wannan doka, ya kuma kwashe kifin baɗi.

Idan saƙa ta kammala, birgi sai a jera masa dalma a baki domin ya nutse, homa kuwa a ɗaura ta a lanƙwasasshen itace. Ita ce ake gani a hannun masunta, tare da gora, a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934.

Zaren nailan ya maye gurbin na auduga, amma allurar tana nan, ko da yake yawanci ta roba ce yanzu. Da ita ake ɗinke komar da kututture ko dutse ya yaga.