Shan Taba Sigari da Raunin Gani: Nazari a kan Makula da Yanar Ido

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hujjojin da suka danganta shan taba da cututtukan ido guda biyu, wato lalacewar makula ta tsufa da yanar ido. Ta kuma nuna cewa ya kamata a riƙa tambayar duk majinyacin da ya zo asibitin ido ko yana shan taba.

Makula da hayaƙin taba

Makula ɗan wuri ne a tsakiyar tantanin da ke bayan ido. Da ita mutum yake karatu, da ita yake gane fuskar ɗansa. Wurin yana cin iskar oksijin da yawa, kuma ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi. Hayaƙin taba, mai ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, ta nan yake yi masa illa: nikotin na tsuke jijiyoyin, kabon monoksaid na rage oksijin da jini ke kaiwa, sauran gubar kuma na cinye sinadaran da ke kare ƙwayoyin tantanin. A 2001 aka haɗa sakamakon manyan bincike uku, na Beaver Dam a Amurka, na Rotterdam a Holan, da na Blue Mountains a Ostareliya. Sakamakon ya nuna haɗarin kamuwa da cutar lalacewar makula ga mai shan taba ya kai kusan ninki uku na wanda bai taɓa sha ba. Rahoton Babban Likitan Amurka na 2014 ya tabbatar da cewa taba tana haddasa cutar kai tsaye.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ganin da ya tafi ta wannan hanya da wuya ya dawo. Hatta maganin ƙarin sinadarai da wani bincike mai suna AREDS ya gwada a kan wannan cuta sai da aka cire masa beta-karotin bayan sakamakon 2013, saboda yana ƙara haɗarin sankarar huhu ga masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha.

Yanar ido

Ita yana ana cire ta da tiyata. Tun 2004 Babban Likitan Amurka ya tabbatar taba na jawo nau'in da ke farawa daga tsakiyar madubin ido, inda ƙarfen kadmiyam na hayaƙin yake taruwa. Batun ya shafe mu sosai, domin binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano yana ce kan gaba wajen makantar da mutane, ga kuma ƙarancin likitocin tiyata a karkara.

Tattaunawa

Daina shan taba yana rage haɗarin, amma sannu a hankali, cikin shekaru masu yawa. Ostareliya ta fara buga gargaɗin makanta a jikin kwalin sigari tun 2006. A ganin wannan nazari, dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta 2015 ta ba da damar yin irin wannan gargaɗi, kuma ma'aikatan asibitocin ido su ne suka fi cancantar isar da shi ga mai shekara 40 da ya zo neman tabarau da kwalin sigari a aljihunsa.