Gonar Inabi Guda da Kwarurukan Gure

Faransawa suna da tsohuwar al'ada game da jar giyar inabi: mafi daraja a wurinsu ita ce wadda aka tatsa daga gona guda, ba a gauraya ta da ta maƙwabta ba. A yankin Burgoni, masu zuhudun Kirista na gidan ibadar Sito, wanda aka kafa a 1098, su ne suka kewaye gonar Clos de Vougeot da katanga. Wata gonar kuma, Romanée-Conti, ba ta cika hekta 2 ba, amma sunanta ya zaga duniya. Ana jiƙa ruwan inabin tare da ɓawonsa domin ya yi ja, a adana shi cikin gangunan itace fiye da shekara, masu sha kuma su riƙa da'awar cewa harshensu yana rarrabe wannan gona da waccan. A 1935 hukuma ta mayar da al'adar doka: ba mai sa sunan wata ƙasa a kwalba sai in daga can abin ya fito.

Musulmi ba ruwansa da abin da ke cikin kwalbar. Amma tunanin da ke ƙarƙashin dokar, wato cewa ƙasa tana barin ɗanɗanonta a cikin abin da ta haifa, ba baƙo ba ne a gabashin Damagaram. Fatake sun san shi tun da daɗewa, sai dai a kan gishiri da kanwa.

Gure ita ce hedkwatar masarautar Muniyo, wadda a da take bin Barno. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta a Disamba 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, Koso ne ke sarauta. Arzikin ƙasar yana cikin kwarurukan da ke kwance tsakanin tuddan rairayi, daga Muniyo har Mangari. Ruwa yana kusa a gindinsu. Idan rani ya yi sai ya ƙafe ya bar farin ɓawo a bisa ƙasa, ga dabino da goriba sun yi masa zobe. Mangawa kan kankare ƙasar mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan cikin tukwanen yumɓu a kan murhu har ya daskare, sannan a fasa tukunya a fid da curi. Wannan shi ne mangul. Aiki ne mai cin itace da ƙarfi, kuma ba kowane kwari ke ba da abu iri ɗaya ba: wani gishirin miya, wani jar kanwa, wani fara, wani gwangwarasa ta majema. A da, a kasuwar Kano mai saye ba ya cewa gishiri kawai. Yakan ambaci mangul, ko balma ta Kawar, ko unguwarnu ta bakin Tafkin Cadi, kowanne da farashinsa da amfaninsa, daga kunun kanwa zuwa taba da lasar dabbobi. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi sukutum a kan wannan fatauci a 1986.

Bambancin shi ne Burgoni ta sami marubuta da alƙalai, Manga kuwa ta dogara ga bakin dillali. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, gishirin Turai mai tsabta da araha, wanda ba shi da sunan gari ko na kwari, ya shiga kasuwannin da mangul ke riƙe da su. Kanwa ce ta fi jurewa, domin babu buhun waje da ke yin aikinta a tukunya.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe ciyawar da ke ɗaure tudda, rairayi ya fara gangarowa cikin kwaruruka, ruwa ya yi ƙasa. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin Burgoni cikin kayan tarihin duniya. A wajen Gure kuwa, manoma ne ke kafa shingen kalimbo a kan tudda domin tare yashi kafin ya binne dabino da farar ƙasar da ke ƙarƙashinsa.