DIRARRE

dirarre, sifa, tamace *dirarriya*, jam'i *dirarru*. Asalinta daga sunan nan *diri*, watau daidaituwar ƙirar jiki.

Ana kiran mutum dirarre idan Allah Maɗaukakin Sarki Ya daidaita halittarsa, kafaɗa da ƙirji da ƙugu kowanne ya tsaya bisa gwargwadonsa, har ya zamana babu wata gaɓa da ta rinjayi 'yar'uwarta, ko da kuwa fuskar ba ta kai a yi zancenta ba. Gama a wurin Bahaushe kyau ya fi karkata ga fuska, diri kuwa sha'anin jiki ne. Ba ƙiba ake nufi ba, kamar yadda wasu samarin zamani ke zato. Kalmar ta kuma sha bamban da *santaleliya*, wadda ke nuni ga tsawo da sirantaka.

Galibi mata ake siffantawa da ita. A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, tsofaffin da suka dawo daga ganin amarya sukan ce, "Yarinyar dirarriya ce, tubarkalla." Amma bayan kaka, in aka cika dandalin kokawa, akan yaba wa saurayi da ita ba tare da wani aibi ba. Ladabi bai yarda namiji ya furta ta game da matar wani ba, balle a gaban surukai.

Kada mai karatu ya gama ta da fi'ilin *dira*, sauka daga bisa da tsalle.