Injin Lafiya Lau, Birki Fa? Tarihin Babur da Duba Lafiyarsa a Kebbi

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba.

Yau kan babur za mu yi magana, ko mashin kamar yadda muka fi faɗa. Ƙaramin nan nake nufi, na kabu-kabu, wanda ke kai ɗalibi Kalgo, ya kai manomi fadama, ya ɗauko mara lafiya daga ƙauye zuwa asibiti cikin dare. Tambayar da nake so mu duba ita ce: wa ke tabbatar da cewa mashin ɗin nan yana da lafiyar hawa titi? Amsar tana cikin tarihi, don haka bari mu koma baya kaɗan.

Aikin duba lafiyar abin hawa a Najeriya ya girmi jiharmu nesa ba kusa ba. Tushensa dokar hanya ce da Turawan mulkin mallaka suka kafa a ƙarshen shekarun 1940, kuma daga nan aikin jami'an da muke kira VIO ya samo asali. A lokacin, ƙasar Gwandu da ta Argungu suna cikin Lardin Sakkwato. Abin da ke bin hanya mai inji bai wuce manyan motocin dakon gyaɗa da auduga da fatu ba, sai 'yan motocin Turawa da na sarakuna. Talaka kuwa jakinsa ne, ko raƙumi, ko kwale-kwale a gulbi, in ya samu wadata ya sayi keke. Wato tun farko an yanka rigar dokar ne daidai jikin mota. Mai mota yana da rajista, yana da adireshi, ya san ofishin da zai kai ta a duba.

Shi kuma ƙaramin babur, daga wata duniya ya fito. A 1958 kamfanin Honda na Japan ya fitar da wani ɗan mashin mai suna Super Cub, mai ƙaramin inji, mai shan mai kaɗan, wanda kowa zai iya tuƙawa kuma kowane bakanike zai iya kwancewa ya ɗaura. Zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kai wannan adadi. Roba-robar da matasa ke yawo da ita a gari a yau, jikar wannan ƙirar ce.

A nan gida, babur ya fara ne a matsayin abin alfarma. Bayan ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka shiga sayen Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha. Ku tambayi iyayenmu, za su ba ku labarin yadda ake wanke babur a goge shi kamar ango. Mai shi ne ke hawansa, shi ke jin ƙararsa, in wani abu ya canza shi zai fara sani. Har Honda ta kafa kamfaninta a Najeriya a 1979.

Sai kiɗa ya sauya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara suka yi tsada, tasi da bas suka ragu a garuruwa. Wanda ke da babur sai ya fara ɗaukar fasinja da yamma don ya cike gibin albashi. Haka sana'ar ta kafu. A Kudu suka ce okada, Kano suka ce acaɓa, mu nan yankin Sakkwato da Kebbi muka ce kabu-kabu.

Ku lura da abubuwa biyu da suka zo kusa da juna. A watan Fabrairun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma hankalinta ya fi karkata ga manyan hanyoyi da gudun motoci. Sannan ran 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Birnin Kebbi ta wayi gari babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwararo, unguwanni suka faɗaɗa, amma babu tsarin bas na cikin gari da zai ɗauke su. Wa ya ɗauki nauyin? Ɗan kabu-kabu. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma masu araha na Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa, daga baya Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta zo ta zama sarauniyar hanyar karkara.

To a nan gizo ke saƙar. Babur bai shigo sana'ar sufuri ta ƙofar tsari ba, talauci ne ya turo shi. Kafin hukuma ta farga, ya riga ya fi mota yawa. Dokar da aka yi domin 'yan motoci ƙalilan ta tarar da dubban mashina, da yawansu ko lamba babu, sun wuce hannu uku ko huɗu, kuma mai tuƙin ba shi ne mai shi ba, yaro ne da zai kai balas da yamma.

Yanzu bari mu zo kan maganar juriya, domin ita ce zuciyar shirin. Kowa ya yarda Boxer ba ta da raki. Inji ne ƙarami, wajen cc 100, iska ke sanyaya shi, babu radiyeta balle ta yi yoyo, babu wata kwamfuta a ciki. Ko batir ya mutu, ka buga kik ta tashi. Ka canza baƙin mai a kan lokaci, ka wanke kabireta, ka sa sabon filogi, sai ta yi shekaru tana aiki. Ku dubi abin da take yi a yankin Argungu lokacin noman rani: ta ɗauki injin ban-ruwa da jarkokin mai zuwa fadama, ta dawo da buhunan shinkafa ta cikin rairayi da laka. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, aikin nan ƙaruwa kawai ya yi. Tsakanin gona da bakin titi, mashin ne jakin zamani.

Amma wannan juriyar ita ce ke ruɗinmu. Mu a wajenmu, lafiyar mashin tana nufin ya tashi ya tafi. Alhali abin da ke kashe mutum a titi sau da yawa ba ya cikin inji. Yawancin waɗannan mashina birkinsu na ganga ne, gaba da baya. Yashi da ruwan fadama suna shiga, takalmin birkin ya cinye a hankali, mai tuƙi ya saba da taka shi har ƙasa, ya daina jin bambanci. Taya ta suɗe kamar tafin hannu, faci kan faci. Sarƙa ta saki, tana jiran ranar da za ta zame ta cije tayar baya. Fitilar baya ta mutu tun bara. Madubi kuwa, wasu tun ranar da aka fito da mashin daga kwali ake cire shi, wai ya fi kyau haka. Duk da wannan, inji yana ta ruri lafiya lau. Inji in ya lalace, shi da kansa zai tsayar da kai a gefen hanya ka tura shi gareji. Birki ba ya yi maka wannan kara. Ranar da zai nuna maka halinsa ita ce ranar da saniya ta tsallako maka titi wajen Ambursa da magariba.

Ainihin dalilin duba lafiyar abin hawa ke nan: a gano abin da mai shi ba zai gano ba sai lokaci ya ƙure. A Ingila sun fara gwajinsu na shekara-shekara a 1960, da fari kan birki da fitila da sitiyari kawai, kuma har yau babur ɗin da ya cika shekara uku sai ya je. Abin lura shi ne, a can gareji ne masu zaman kansu da gwamnati ta amince da su ke yin gwajin, a kusa da gidan mutum.

Mu fa? Ku tambayi kanku tsakani da Allah, a cikin masu mashin ɗin da kuka sani, mutum nawa ne wani jami'i ya taɓa matsa birkinsu ya gani ko yana kamawa? Abin da aka fi tambaya a shingen hanya shi ne takarda. Takarda kuwa ba ta tsayar da mashin. Shi ya sa ɗan kabu-kabu in ya hango masu kaki, abin da ke zuwa ransa kamu ne da tara. Sai ya yi kwana a guje da fasinja a baya, wani lokacin haɗarin ma a nan yake faruwa.

Tarihi ya nuna mana inda tilas ba tare da shiri ba ke kaiwa. Ran 1 ga Janairu, 2009 aka fara tilasta sanya hular kwano a faɗin ƙasa. A Kano wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, har kafafen labarai na duniya suka ɗauka ana dariya. Dokar mai kyau ce, hular kwano tana ceton rai, amma ba a tanadi mai araha ba, ba a zauna da masu sana'ar ba. Wasu wuraren kuma hani aka zaɓa gaba ɗaya: Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni a 2006, Kano ta haramta sana'ar a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. A Oktoban 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da hurumin tare mota a titi, ko kama ta, ko cin tara. Hukuncin kan Abuja yake, amma saƙonsa ya isa ko'ina: asalin aikin shi ne dubawa.

A Kebbi ba mu da zaɓin korar babur. Daga Gulma zuwa Argungu, daga ƙauyukan bakin gulbi zuwa kasuwa, musamman in damina ta yanke hanya kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi, shi ne kaɗai ke shiga. Kuma tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, abin da ɗan kabu-kabu ke samu ya ragu. In kuɗi ya yi kaɗan, me ake fara jinkirtawa? Mai dole ne, balas dole ne, cefane dole ne. Taya da birki su ne ke jira.

Don haka ga abin da nake kira a kai, kuma ina so matasa mu ɗauke shi zuwa ga 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi. A kai dubawa inda mashin yake, wato tashar 'yan kabu-kabu. Ƙungiyarsu ta san kowa, ta san mai kowane mashin. A horar da kanikawan da ke kusa da tasha, VIO ta tantance su, su riƙa duba abu biyar: birki, taya, fitila, sarƙa, da kan mashin. Aikin 'yan mintuna ne. Kuɗin ya zama ƙayyadadde, a rubuce a bango, da rasit. Wanda mashin ɗinsa bai ci ba, a ba shi kwanaki ya gyara ya dawo, kada a ƙwace masa hanyar abinci. Wanda ya ci, a manna masa shaida da fasinja zai gani da idonsa. Sannan alhazan da ke ba da mashin haya, a ɗora musu nauyin gyara, tun da su ke karɓar balas.

Mu ma fasinjoji muna da namu. Kafin ka hau, dubi taya. In dare ne, ce masa ya kunna fitila ka gani. In za a yi muku lodin mutum uku da buhu, ka haƙura ka jira na gaba. 'Yan'uwana masu sana'a, in fasinja ya ce malam birkin nan fa, kada ranka ya ɓaci. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma kai ne a gaba in abin ya zo.

Ina so in ji daga gare ku, musamman kanikawa da 'yan kabu-kabu na Birnin Kebbi da Argungu: nawa takalmin birki yake yanzu a wajenku, kuma wata nawa yake yi in ana shiga fadama? Ku rubuto mana a ƙasa, za mu karanta a shiri na gaba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tuƙa mashin.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa a kanta. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.