Toyota Tundra Daga 1999 Zuwa Yau: Nazarin Tarihinta Domin Mai Sayen Ta Hannu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin babbar a-kori-kurar kamfanin Toyota, wato Tundra, tun daga magabaciyarta T100 har zuwa zubi na uku da aka ƙaddamar a 2021. Nazarin ya dogara da bayanan injinan motar, da kiranyen gyara da aka yi mata a Amurka, da shari'ar da aka yi kan tsatsar shasinta. Abin da aka gano shi ne motoci uku ne mabambanta ke amsa suna ɗaya, kuma jinkirin sabuntawa da aka daɗe ana sukar Toyota a kansa shi ne ya zame riba ga mai sayen ta hannu.

Asalin motar

A ƙasar Hausa, in aka ce a-kori-kurar Toyota, Hilux ce ke zuwa a rai. A Amurka kuwa, mota mai girman Hilux matsakaiciya ce. Kasuwar manyan a-kori-kura ta daɗe a hannun Ford da Chevrolet da Dodge, kuma akwai katangar da ke kare su: tun 1964 gwamnatin Lyndon Johnson ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, domin ramuwar gayya kan harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka. Har yau wannan haraji yana nan.

Toyota ta fara gwada sa'arta a 1993 da T100, wadda kamfanin Hino ya ƙera mata a Japan. Motar tana da ƙarko, amma babban injin da ta fara fitowa da shi silinda shida ne mai ƙarfin doki 150, alhali Ba'amurken da ke jan tirela ya saba da silinda takwas. Ga kuma haraji ya ɗaga farashinta. Ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta a 1998.

Zubi na farko: 2000 zuwa 2006

Darasin da Toyota ta ɗauka shi ne ta gina masana'anta a garin Princeton na jihar Indiana, ta kuma samo injin silinda takwas. Da farko T150 aka so a kira sabuwar motar, sai Ford ta ƙi yarda saboda sunan ya yi kama da na motarta F-150, aka koma Tundra. Ta shiga kasuwa a 1999 a matsayin ƙirar 2000, da inji iri biyu: mai lita 3.4 da ƙarfin doki 190, da mai lita 4.7 da ƙarfin doki 245. Mujallar Motor Trend ta zaɓe ta gwarzuwar a-kori-kura ta 2000, duk da cewa masu sharhi sun yi ta cewa ba ta kai takwarorinta girma ba.

Wannan inji mai lita 4.7, wanda ake kira 2UZ-FE, shi ne a cikin Land Cruiser 100 da Lexus LX470. Ga mai saye a Najeriya ko Nijar wannan babban al'amari ne, domin makanikai sun san shi, kayan gyaransa kuma ba sa gagara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas. Sai dai da bel yake juya sandunan bawul, ba da sarƙa ba, kuma ana so a sauya bel ɗin duk bayan kilomita 145,000 ko kusa da haka. Dillali ba kasafai yake sanin ranar da aka sauya shi ba, don haka ya kamata mai saye ya sa kuɗin wannan aiki cikin lissafinsa tun kafin ciniki.

Babban tabon wannan zubi tsatsa ce. A jihohin arewacin Amurka ana barbaɗa gishiri a kan tituna lokacin dusar ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfen ƙasan mota kamar yadda gara ke cin azara, waje lafiya lau, ciki ya rube. A watan Nuwamba na 2009 Toyota ta yi kiranyen Tundra kusan 110,000 ƙirar 2000 zuwa 2003, saboda ƙarfen da ke riƙe da safayar taya yana iya ruɓewa har tayar ta faɗo a kan hanya. An kuma yi kiranye a 2005 da 2007 kan gaɓar ƙafar gaba ta ƙasa, wadda in ta cire, taya kan karye ta kwanta ana cikin tafiya.

Zubi na biyu: 2007 zuwa 2021

A nan ne Toyota ta ɗaura ɗamarar gaske. Ta buɗe sabuwar masana'anta a San Antonio ta jihar Texas a ƙarshen 2006, a tsakiyar ƙasar masu a-kori-kura, ta fito da mota mai faɗi da tsawo daidai da na kowa. Sabon injin 3UR-FE mai lita 5.7 yana ba da ƙarfin doki 381, da giya shida mai canja kanta, yana kuma jan nauyin da ya kai kilo 4,900. A 2007 an sayar da guda 196,555 a Amurka. Wannan adadi bai kama ƙafar na Ford ba, kuma da tattalin arziki ya karye a 2008, sai aka tattara ƙera motar kacokan a Texas.

Daga nan Tundra ta shafe shekaru goma sha biyar a kan shasi ɗaya. A 2010 inji mai lita 4.6 ya gaji mai 4.7. A 2014 aka sauya fuska da cikin motar, aka ƙaro samfurin alfarma na 1794 Edition, wanda ya samo sunansa daga shekarar da aka kafa gandun kiwon da masana'antar ke zaune a kansa. A 2018 aka sa na'urorin kariya, har da birkin da ke kama kansa in mota ta kusa karo. Amma injin 5.7 da giyarsa suna nan yadda suke, a daidai lokacin da Ford ta koma injinan turbo a 2011, ta kuma koma bodin alminiyam a 2015.

'Yan jaridar motoci sun ce Tundra ta tsufa, kuma gaskiyarsu ne in ana maganar sabuwar mota. Ga mai sayen ta hannu, lissafin ya juya. Injin da aka yi shekaru goma sha biyar ana ƙerawa, an gama sanin lagonsa, kayansa sun wadata, kuma shi ne dai a cikin Lexus LX570 da wasu Land Cruiser 200. Da sarƙa yake aiki, babu zancen sauya bel. Shaidar ƙarkon wannan zubi ta fito fili a 2016, lokacin da Toyota ta karɓi wata ƙirar 2007 mai injin 4.7 daga hannun wani direba ɗan jihar Louisiana bayan ta yi tafiyar mil miliyan ɗaya, wato fiye da kilomita miliyan 1.6, da injinta na asali, ta ba shi sabuwa domin injiniyoyi su warware tsohuwar su duba.

Ba a ce babu aibi ba. Famfon da ke hura iska cikin bututun hayaƙi idan an tayar da mota da sanyi yana shan ruwa ya lalace, musamman a ƙirar farkon zubin. Alamarsa ƙara ce mai kaifi da safe, daga baya fitilar inji ta kama, mota ta ƙi gudu. Injin 5.7 kuma yakan yi tsiyayar baƙin mai daga saman kansa, gyaran da ke cin lokaci da kuɗin aiki. Tsatsa ma ta biyo farkon zubin: sulhun da Toyota ta amince da shi a 2016 a shari'ar tsatsar shasi, na kimanin dala biliyan 3.4, ya shafi motoci miliyan 1.5, ciki har da Tundra ƙirar 2007 da 2008.

Sai kuma shan mai. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, mai injin 5.7 da ke ja da ƙafa huɗu tana yin kimanin kilomita 6.4 a kan lita guda. Kano zuwa Kaduna kaɗai za ta lashe lita talatin da ɗoriya. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ya zama tambaya ta farko da mai saye zai yi wa aljihunsa.

Zubi na uku: daga 2022

An nuna shi a watan Satumba na 2021, a kan tushe ɗaya da Land Cruiser 300. Silinda takwas ta tafi. A madadinta aka sa silinda shida mai turbo biyu da ƙarfin doki 389, da wani samfuri mai haɗin lantarki da ke kai 437, da giya goma, aka kuma sauya sifirin baya daga na falle-falle zuwa na murɗe. Ta fi daɗin tuƙi, ta fi tattalin mai. Amma a watan Mayu na 2024 Toyota ta yi kiranyen kusan motoci 102,000, Tundra da Lexus LX600 ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin inji tun daga masana'anta, wanda ke iya sa inji ya buga. A watan Yuli kamfanin ya ce zai sauya injinan ɗungurungum kyauta. Motar da aka yi gwanjonta aka ɗora a jirgin ruwa kafin a yi mata wannan aiki, da wuya ta samu gatan a nan.

Abin da tarihin ke nufi ga mai saye

Galibin Tundra da ake gani a titunan Kano da Abuja tokunbo ne daga Amurka, da yawa kuma daga gwanjon motocin haɗari suka fito. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ita ce mabuɗi. Wadda ta fara da 5TB a Indiana aka ƙera ta, mai 5TF kuma a Texas. Gurbi na goma yana faɗin shekara: Y na nufin 2000, 7 na nufin 2007, A na nufin 2010. Wannan yana da amfani domin ana sauya wa tsohuwar mota fitilu da fuska a sayar da ita a matsayin ƙirar 2014. Da lambar ce kuma ake duba kiranyen da ba a yi gyaransa ba a shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka.

Sauran aikin na ido ne da hannu. A sauke safayar taya, a shiga ƙarƙashi da tocila da ƙaramar guduma, a ƙwanƙwasa shasin daga tsakiya zuwa baya. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi dum, ɓawon tsatsa ya zubo. Sabon baƙin fenti mai kauri a kan shasin tsohuwar mota abin zargi ne. Motar da aka yi amfani da ita a Texas ba ta cika tsatsar gishiri ba, amma Texas na da ambaliya, irin wadda guguwar Harvey ta jawo wa Houston a 2017, don haka a ɗaga kafet a duba busasshiyar laka da koren tsatsa a bakin wayoyi.

A ra'ayin wannan nazari, ga wanda zai iya ɗaukar nauyin fetur, ƙirar 2014 zuwa 2021 mai injin 5.7 ita ce mafi ƙarancin kasada. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya neman ƙirar 2005 ko 2006 mai injin 4.7, da sharaɗin shasinta ya ci jarrabawar guduma, a kuma sauya mata bel da famfon ruwa kafin ta hau doguwar hanya.