Hirar Dare da Wasannin Gida Tsakanin Iyaye da Yara a Birnin Katsina

A tsofaffin unguwannin da ke kewaye da Hasumiyar Gobarau, kamar sauran ƙasar Hausa, tsakar gida ita ce makarantar farko ta yaro. Bayan sallar isha'i akan shimfiɗa tabarma, yara su kewaye wata dattijuwa, ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa da "Ta zo mu ji ta". Daga nan sai labarin Gizo da matarsa Ƙoƙi, ko Kura da kwaɗayinta, ko marainiya da kishiyar uwa.

Abin lura shi ne, bisa al'ada ba iyaye ne ke riƙe da wannan fage ba. Akwai kunya tsakanin mahaifi da ɗansa, musamman ɗan fari, wanda iyaye da yawa ba su ko ambatar sunansa. Wasa da raha na kakanni ne, shi ya sa kaka ke kiran jikanta "maigidana", yana tsokanarta tana ramawa. Goggo da inna su ma suna da nasu kaso. Tsarin ya yi aiki muddin ana zaune a babban gida. Tun da Katsina ta zama hedikwatar jiha a 1987 gari ya faɗaɗa zuwa bayan ganuwa, ma'aurata da dama sun koma gidajen da babu kaka a ciki. Idan uwa da uba ba su ɗauki wannan aiki ba, talabijin da wayar hannu ne za su ɗauka.

Tatsuniya da kacici-kacici

Tatsuniya ba ta buƙatar ko sisi, kuma ɗauke wutar lantarki ba ya hana ta. Da dare ake yin ta, don da rana lokacin aiki ne da karatun allo. Wanda ya manta na ƙuruciyarsa zai iya komawa ga littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta garin. Ya fi kyau a bar yaro ya karanta da ƙarfi, iyaye su saurara, a tsaya a tambaye shi abin da zai yi da shi ne a matsayin mai labarin.

Kacici-kacici ya fi sauƙi ga uban da ke jin nauyin yin muryar Gizo. Ya ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", yara su yi ta lalube har a kai ga tsintsiya. In sun kasa sai su "ba shi gari" kafin ya faɗi amsa. A nan yaro kan koyi sunayen garuruwa, Daura, Funtuwa, Jibiya, Malumfashi, ba tare da ya san darasi ake yi masa ba.

Dara, carafke da aikin hannu

Dara ana yin ta a gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wani tsakuwa wani tsinke, ana neman jera uku a layi domin a ci ɗan abokin wasa. An fi saninta da dattawa a ƙofar gida, amma babu abin da zai hana a haƙa gurabenta a tsakar gida. Tana koyar da haƙuri da hangen gaba, da kuma yadda ake shan kaye ba tare da fushi ba. 'Yan mata kuwa suna da carafke, wanda tsakuwoyi kaɗan sun ishe shi. Tsinkar zogale, ɓarar gyaɗa, kitso da yin mota da karan dawa duk lokuta ne da baki ke sakewa, yaro ya faɗi abin da ba zai faɗa ba in an titsiye shi.

Tarihin gari a bakin iyaye

Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin ƙafa 50, ana danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ta kasance cibiyar ilmi. Uba zai iya ba da labarinta da na Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, sa'annan a yi gasar lissafo ƙofofin gari: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Kwaya. Wanda ya fi kawowa shi zai zaɓi wadda za a je gani ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.